Ƙananan akwatunan kwamfuta da makullin sirri da muka sa a buro: ga abin da na gani

Jama'a ga masu tambayata kan ƙananan akwatunan nan, kiliyan leje, wato kwamfutocin da ba sa ajiye aiki cikinsu sai dai su haɗa ka da babbar kwamfuta, da muka sa a buronmu na lissafi nan Yamai, to gaskiya aikinsu ya burge ni tun farko. Babu fanka cikinsu balle su yi ta zuƙar ƙura, kuran ɗin da suke ci kaɗan ne ƙwarai, ko zafin watan Afrilu bai sa sun mutu ba. Komai yana can cikin sarba guda, wato babbar kwamfutar, mai Windows Server, kowa ya shiga tebirinsa ta RDP, wato hanyar aiki da kwamfuta daga nesa, sai ka soka makullinka na USB ka buga PIN sannan ta buɗe maka, in ka zare shi allon ya kulle nan take. Wannan ya kwantar min da hankali sosai don a da kalmar sirri guda ce ke yawo tsakanin yara har masu stage sun san ta.

Amma abin da ya same mu ƙarshen wata har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ranar da za mu fitar da albashin ma'aikatan mutanen da muke wa lissafi aka ɗauke wuta da hantsi, aka tada gurup, akwatunan suka taso lafiya lau amma ko guda bai yarda ya shiga sarba ba. Ka soka makulli ka buga PIN daidai ya ƙi, wai takardar shaidar da ke cikin makullin, wadda sarba ke gane ka da ita, ba ta da inganci. Wata ƙanwarmu da ke riƙe da dosiyen albashin ta rikice ta ɗauka ita ce ta manta lambarta, ta shiga gwada wasu lambobi, ashe makullin nan sau 3 kawai yake ɗaukar kuskure sai ya kulle kansa, kuma ba ya buɗuwa sai da wata lamba da ake ce wa PUK. To PUK ɗin yana ina? Yana hannun mai gyaran da ya haɗa mana, shi kuma ya tafi biki Ƙonni, waya ba ta shiga. Wallahi yarinyar nan kuka ta yi, mutane na ta kira suna Alhaji ina albashi, ni kuwa ban da abin ce musu sai haƙuri.

Sai da yamma mai gyaran ya kira, ya ce in duba kwanan wata a kusurwar allon. Na duba na ga akwatin ya koma wata tsohuwar shekara can baya. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogo cikin kowane akwati duk sun mutu tun wajen mai sayarwa, da kuran ya yanke sai agogon ya koma farko. Ita kuwa takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogo ya ce ranar farawarta ba ta zo ba to ba a karɓarta, kuma tsarin Windows ɗin ma ba ya son bambancin agogo ya wuce minti 5 tsakanin na'ura da sarba. Gyaran duka batiri ne da ake samu ko wajen masu agogo a Babbar Kasuwa, da saita NTP don akwatunan su riƙa karɓar lokaci daga sarba da kansu. Abin da bai kai aikin awa guda ba shi ya ɓata mana yini cur.

Shi mai sayarwar ya san akwatunan na hannu ne, ya karɓi kuɗinsa cif, me zai hana ya canza batiri kafin ya ba mu? Shi kuma mai gyara Allah ya gani ya iya aiki, amma ta yaya za ka ba mutum makulli ka tafi da maganin kullewarsa cikin aljihunka, ko makulli guda na ajiya bai bar mana ba.

Tun da aka gyara dai ba su sake ba mu matsala ba, ana ɗauke wuta a maido kowa ya tarar da aikinsa inda ya bari muddin sarbar na kan ondilar, wato na'urar batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, har na fara cewa zan ƙara wasu. Sai ga saƙo ya fito wai lokacin gwaji na lasisin RDS, wato izinin shiga sarbar daga nesa, ya kusa ƙarewa, kwana 120 ne ake ba ka kyauta daga nan sai ka sayi lasisi na kowane mutum ko kowane akwati. Babu wanda ya faɗa min wannan lokacin da muke ciniki, ba ya cikin takardar farashin da aka kawo min ma. Yanzu ƙarin akwatunan na dakatar da shi tukuna sai na ga nawa lasisin zai ci, kuma PUK ɗin kowa na sa mai gyaran ya rubuto min na kulle a kofur.