Kasuwar icce ta ƙauye: abin da na gani a matsayina na mai gidan burodi a Maradi

Mutane da yawa na tambayata ina nake samun iccen da nake gasa burodi, tunda sun ga ba na saye bakin hanya kamar sauran, to bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Ni a kasuwar icce ta ƙauye nake saye, irin wadda mutanen gari ke riƙe da ita da kansu, tana can kudu da Maradi wajen dajin da ke kan iyaka. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba don akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba na son a ce na tona asirin wani.

Ga wanda bai san tsarin ba, abin ya samo asali ne daga dokar da gwamnatin Nijar ta yi a 1992 kan saye da sayar da icce. Kafin nan daji na hukuma ne, tun dokar Turawan Faransa ta 1935 haka abin yake, ɗan kasuwa daga birni zai yanki takarda a ofis ya ɗauko kamiyo da 'yan sara nasa, su shiga dajin da ke bayan gidanka su share shi su tafi, kai da kake kwana kana tashi a wurin ko sisi ba ka gani, in ma ka sari reshe a gonarka malamin daji ya kama ka sai tara. To wa zai kula da abin da ba nasa ba? Dokar 1992 ita ta juya lamarin, aka ce ƙauye ya kafa kwamiti, a shata masa yankin daji, a ƙayyade iya iccen da zai fitar a shekara, 'yan garin su ne za su sara su kawo kasuwa, mai mota ya zo ya saya a hannunsu. Harajin ma nan ƙauye ake karɓarsa, kuma a kasuwannin da ke da cikakken tsari na raba daji yanki-yanki ana sara bi da bi, rabin harajin yana zama a garin, saura a raba tsakanin komin, wato ƙaramar hukuma, da baitulmali. Wanda ya je ya saro a dajin da ba kasuwa shi harajinsa ya fi tsada, da gangan aka yi haka.

Yanzu maganar kaya. Ana sayarwa ne da ma'aunin da suke ce wa siter, wato tsibi mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi mita ɗaya bisa, an kafa turaku an jera iccen a tsakani. Wannan shi ne abu na farko da ya ja ni, don a bakin hanya ɗauri ne kawai, yau ƙato gobe ya rame kuma kuɗin bai canza ba. A nan kana ganin abin da za ka biya da idonka. Amma fa ka buɗe ido wajen jeri, akwai masu sa karkatattun itatuwa a tsakiya yadda tsibin zai yi kogo, daga waje ya cika, in ka loda a mota sai ka ga ya zube. Ni yanzu sai na zagaya na leƙa ta gefe, in na ga haske na ratsawa da yawa sai in ce a sake jeri, kuma gaskiya ba su taɓa yi min gardama ba.

Yawancin iccen geza ne da taramniya da sabara. Geza ita ce tawa, tana da nauyi, tana barin garwashi mai daɗewa, tanda ta yi zafi daidai burodi ya gasu har ciki ba ya ƙone a baya ya bar tsakiya ɗanye ba. Sabara kuwa saurin ci gare ta, ta fi kyau da hura wuta ko mata masu tuya. Gawo da kirya ba za ka same su a kasuwar ba, an hana, kuma na ji daɗin hakan duk da na san yadda kirya ke riƙe wuta. Wani lokaci ana haɗa ɗanye da busasshe, wannan kam matsala ce gare mu masu tanda saboda hayaƙi yana shiga burodi, masu shayi su dawo maka da ƙorafi da sassafe. In kana da wurin ajiya ka sayi ɗanyen da rangwame ka shanya, in ba ka da shi ka dage sai busasshe.

Abin da ya sa na tsaya a kansu har yau ba farashi ba ne, don in ka haɗa kuɗin mota da man fetur da 'yan lodi ba wani sauƙi ka samu sosai ba. Wata rana ina jiran a gama lodi wani dattijo cikin masu sara ya ce Alhaji zo ka ga inda muka sara shekarun baya. Muka taka ba nisa. Kututturan na nan, an sare su ƙasa-ƙasa sara mai tsabta ba a farfasa ba, kowane ya fito da tofo biyar shida wasu sun fi ni tsawo. Na ce Baba dabbobi ba su cinye ba? Ya ce ai in aka sare yanki sai a hana kiwo a cikinsa har tofon ya fi ƙarfin bakin akuya, kuma da Fulanin da ke zaune kusa aka yi shawarar, su ma suna da mutum a zaman kwamiti. Sai ya nuna min wata taramniya siririya ya ce wannan ba ta kai ba, ko ɗana na gani ya ɗora mata gatari sai mun hau sama mun faɗo. Wallahi maganar nan ta zauna min. Ɗan sara da aka ɗauko haya daga birni ba zai taɓa faɗin haka ba, shi a cika mota ne damuwarsa, gobe yana wani dajin.

Kuma mu mutanen Maradi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. A nan ne aka yi babban taron yaƙi da hamada a 1984 zamanin Seyni Kountché, bayan an ga abin da fari ya yi. A nan ne kuma Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara tun 1983 nuna wa manoma cewa kututturan da ke gonakinsu ba matattu ba ne, a bar tofo mai ƙarfi a sassabe sauran, abin da ake ce wa sassaben zamani. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maradi da Damagaram, kuma ba dashe aka yi ba, manomi ne ya ga cewa iccen nasa ne sai ya tsare shi. Je ka Dan Saga a yankin Aguié ka ga yadda kwamitin gari ke sintiri da kansu, har da mata a ciki. Dokar daji ta 2004 ma ta ƙara buɗe wa ƙananan hukumomi da jama'a ƙofa. Kasuwar icce wannan tunanin ne aka kai cikin daji.

To ga inda raina ke ɓaci. Kwamitin kasuwar da nake zuwa fuskokin nan dai su ne tun da na fara saye, shugaba shi ne, ma'aji shi ne, ba a sake zaɓe ba. Ban ce sun ci kuɗin kowa ba, ban gani ba, rijiyar da suka ce da kuɗin harajin aka gyara ta na gan ta kuma na sha ruwanta. Amma samarin garin da ke yi min lodi in ka tambaye su nawa ya shigo asusu bara ba wanda ya sani, kuma su ne ke shan rana a dajin. In ba a karanta lissafi a bainar jama'a, ko mutum mai gaskiya ne zargi zai shigo, in zargi ya shigo kuma yaro zai ce to ni ma bari in sara da dare in sayar da kaina. Mata ma su ne ke tsintar busasshe su ne ke girki, amma a zaman da na taɓa tararwa suna can gefe ba su ce uffan ba.

Na biyu takardar shaida. In ka saya manajan kasuwa zai ba ka kupon da ke nuna yawan iccen da inda ya fito, shi za ka nuna a shingen malaman daji kafin ka shiga gari. Akwai ranar da na zo littafin kupon ɗin ya ƙare ba a kawo sabo ba, ga mota na biya, ga icce a ƙasa, haka na koma wayam. Wannan ba laifin masu sara ba ne amma su abin ya fi shafa, don mai motar da aka yi wa haka gobe gun ɓarayin daji zai tafi. Su kuwa ɓarayin suna shigowa gari da amalanke da asuba ba takarda ba haraji, suna karya farashi, wanda ya bi doka shi ke cutuwa. Mu masu gidajen burodi da masu tuwo-tuwo da masu tsire mu ne manyan masu saye, in da za mu riƙa tambayar takarda kafin mu sauke kaya da abin ya ragu sosai.

Sai tsaro, wanda ba sai na faɗa ba, kowa ya san halin da yankin Madarounfa da bakin iyaka ke ciki a 'yan shekarun nan da masu satar mutane da shanu. Akwai ɓangaren dajin da masu sara ba sa iya shiga, sai nauyin ya koma kan yankunan da ke kusa da gari, tsarin juyawa daga wannan yanki zuwa wancan ya rikice. Allah ya kawo mana sauƙi. Ni dai ba na barin la'asar ta same ni a can.

Duk da haka in ka tambaye ni in ba ka shawara ka je, zan ce ka je, musamman in kana cin icce da yawa. Ka kira manajan tun kafin ka tashi ka tabbatar akwai kupon a hannu kuma akwai busasshe. Ka tafi da kuɗi a hannu don ba sa ba da bashi, masu saran a ranar suke son haƙƙinsu. Ku haɗu ku biyu ko uku ku ɗauki mota ɗaya, kuɗin hanya zai sauka. Kuma ka yi sayayyar damina tun da rani, don da ruwa ya sauka hanyar taɓo ce kamiyo ba ya shiga, mutanen ma duk sun koma gona ba mai lokacin gatari sai bayan girbi.