Mako biyu ina juya furotin RF2 a shafin RCSB PDB

An ba ni aikin gabatar da bayani a aji kan yadda bakteriya ke dakatar da ƙera furotin, ni kuwa abin da nake da shi hadda ce kawai: kodon tsayawa, wato harufa uku na saƙon ƙwayar halitta da ke nuna a daina ƙera furotin, guda uku ne, UAA da UAG da UGA. Furotin biyu ne ke gane su su saki sabon furotin ɗin: RF1 yana gane UAA da UAG, RF2 kuma UAA da UGA. Zanen da ke littafinmu wani ɗan ƙwallo ne da aka liƙa a jikin ribosom, injin da ke ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta. Wata 'yar ajinmu ce ta ce in leƙa shafin RCSB PDB, rumbun siffofin furotin da makamantansu da aka fara a 1971 da siffofi bakwai kacal, yau kuma ya haura 200,000. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba.

Na fara da lambar 1GQE, wato RF2 na bakteriyar E. coli da aka fitar da siffarsa a 2001. Manhajar kallo mai suna Mol* tana buɗewa a cikin shafin, ba ka sauke komai. Kana juya furotin ɗin da linzami kamar mai duba kankana a kasuwa, ka matso da shi, ka sa wa kowane ɓangare launinsa. Ɓangarori huɗu gare shi. Na biyu da na huɗu ne ke haɗuwa su karanta kodon, a nan ne jerin amino asid uku (tubalan ginin furotin) da ake kira SPF yake (a RF1 kuwa PxT ne). Na uku yana ɗauke da GGQ, wato glisin biyu da glutamin, wanda ke sa ruwa ya tsinke haɗin da ke tsakanin sabon furotin da tRNA, ƙwayar da ke riƙe da shi a cikin ribosom.

A nan ne kaina ya ɗaure, kuma a nan ne shafin ya biya ni. A wannan siffa furotin ɗin a dunƙule yake, tsakanin SPF da GGQ kimanin angstrom 23 ne (angstrom ma'aunin tsawo ne a girman ƙwayar zarra). Alhali a cikin ribosom, daga inda ake karanta kodon zuwa inda ake tsinke furotin ya haura angstrom 70. To ta yaya hannu ɗaya zai taɓa wurare biyu masu wannan nisa? Ashe masana ma sun sha wannan ciwon kai, sai a 2003 hotunan na'urar ilektiron mai daskarar da samfuri suka nuna cewa furotin ɗin yana miƙewa idan ya hau ribosom. A 2008 ɗakunan binciken Harry Noller da Venki Ramakrishnan suka fitar da siffofin ribosom ɗin bakteriyar Thermus thermophilus riƙe da RF1 da RF2. Da na buɗe ɗaya daga cikinsu na ɓoye sauran sassan, sai ga ɓangare na uku ya miƙe kamar hannun mai tsinkar mangwaro. Na daɗe ina kallonsa, har shayina ya huce.

Sai dai fa ribosom ba ƙaramin kaya ba ne. Tsohuwar kwamfutata ta yi ta nishi, fankarta na kuka, data kuma ta tafi kamar ruwa a rariya. A waya na gwada sau ɗaya na haƙura, allon ya yi kaɗan. Dabarar da ta cece ni ita ce sauke fayil ɗin da dare, in buɗe shi daga baya. Kuma wanda bai san sunayen amino asid a taƙaice ba zai yi ta lalube, domin an gina wurin ne don masu bincike, komai da Turanci.

RF3, wanda ke amfani da GTP, wani sinadari mai ba da kuzari, wajen sauke RF1 da RF2 bayan sun gama aiki, kallo ɗaya na yi masa, lokaci ya ƙure. Na dai leƙa eRF1, takwaran RF1 da RF2 a jikin ɗan Adam, wanda shi kaɗai ke gane kodon ukun: siffarsa daban, amma GGQ ɗin nan na nan daram.

Ranar gabatarwa hoto biyu na sa a jere, dunƙulalle da miƙaƙƙe. Malaminmu ya tambayi inda na samo su, ya rubuta 1GQE a gefen allo.