Wuskin Sikotland: na gida ɗaya da na gauraye

Doka ta ɗaure nau'i biyun nan na wannan giya mai ƙarfi da sharaɗi iri ɗaya: kowane wuski sai ya shekara 3 aƙalla cikin gangar katako. Daga nan hanya ta rabu.

Na gida ɗaya, irin su Glenfiddich da Laphroaig, da tsiron sha'ir zalla ake yin sa, a masana'anta guda, cikin tukunyar tagulla. Halin wurin yana fitowa a fili. Na tsibirin Islay galibi ƙaurin hayaƙi yake yi, domin da busasshiyar ƙasar fadama ake hura wutar busar da tsiron.

Na gauraye kuwa, kamar Johnnie Walker da Chivas Regal, ana haɗa wancan ne da wuskin alkama ko masara mai sauƙin ɗanɗano, wanda injin tace giya da wani ɗan ƙasar Ailan, Aeneas Coffey, ya yi wa rajista a 1830 ya sa ya yi araha. A ganina nan gwanintar ta fi yawa. Mai haɗin da hanci yake aiki fiye da harshe. Yakan shinshina gangunan masana'antu da dama, kowace da nata hali, kuma dole kwalbar bana ta yi daidai da ta bara ko da wata masana'anta ta rufe. In aka rubuta shekara 12 a jikin kwalba, shekarun mafi ƙanƙanta a haɗin ke nan.

Shi ma na gida ɗayan ana gauraya gangunansa, sai dai duk na gidan ne.