Ƙwallon Saƙa: Na Kyanwa Daban, Na Jariri Daban

Assalamu alaikum 'yar uwa. Kin ce kin ga ana tallan ƙananan ƙwallaye da zobba da kacau-kacau waɗanda aka saƙa da hannu daga kwagiri da wasu itatuwa masu yaɗo, mai tallan yana cewa sun yi wa kyanwa kuma sun yi wa jariri, tunda babu roba a jikinsu. Yaronki ya kai wata bakwai, dasashi ya fara masa ƙaiƙayi, ga kuma mage a gidan. Shi ne kike tambaya ko ki sayi saiti ɗaya su riƙa wasa tare, in kuma bai kamata ba, wanne ya dace da wa.

Don Allah kada ki haɗa musu. Ina son kayan saƙa ƙwarai, na fi son in ga kuɗinmu yana shiga hannun masu saƙar kaba da a ce ya tafi wajen tarkacen roba. Amma abin da ke sa ƙwallo ya yi wa kyanwa daɗi, shi ne daidai abin da ke mayar da shi haɗari ga jariri.

Ki tsaya ki kalli mage in ta samu ƙwallon saƙa. Za ta fara bugunsa da hannu ɗaya, ya gangara, ta bi shi da gudu. Sai ta kwanta a gefe, ta rungume shi da hannuwan gaba, ta kafa masa haƙora, ta dinga shurinsa da ƙafafun baya kamar ta kama ɓera. Ramukan saƙar su ne jin daɗinta, domin nan faratanta ke samun wurin kamawa. Ba a daɗewa bakin zaren da masaƙi ya cusa ya ɓoye yake fitowa, saƙar ta fara warwarewa, wasu silla su karye su yi tsini. Wannan ba aibi ba ne a wajen kayan kyanwa. An yi shi ne don ta yage shi, in ya yi kaca-kaca a jefar a kawo wani.

Jariri ɗan wata bakwai ba ya bin ƙwallo, bakinsa yake kai wa. Zai damƙe shi da hannu biyu, ya jiƙe shi sharkaf da yawu, ya dinga goga dasashi a wuri ɗaya har sillen ya yi laushi. In wani guntu ya ɓalle, bai san ya tofar ba. Hanyar numfashinsa 'yar siririya ce, tarinsa kuma bai yi ƙarfin da zai fitar da abin da ya maƙale ba. Don haka sharaɗin farko a kayan jariri shi ne kada wani abu ya iya rabuwa daga jikinsa, komai ja, komai cizo. Kin ga tun daga nan hanya ta rabu.

Sai maganar girma. Ƙwallon kyanwa ana yin sa ƙarami mara nauyi, wanda za ta iya ɗauka a baki ta kai ƙarƙashin kujera. A Amurka, dokar kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 ta hana duk wani guntu da zai shige cikin bututun gwaji mai faɗin santimita 3.17, ta kuma hana ƙwallon da faɗinsa bai wuce santimita 4.4 ba. Da yawa daga ƙwallayen kyanwa a daidai wannan iyaka suke, wasu ma ba su kai ba. Ba sai kin nemi abin awo ba. Ki ɗauki kwalin nan mai rami da ke tsakiyar tishu, duk abin da ya zura ta cikinsa ba na jaririnki ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ake sa wa a ciki don ya yi ƙara. A na kyanwa za ki ga 'yar ƙararrawa ta ƙarfe, ko gashin tsuntsu da aka manna da gam, ko wutsiyar zare tana reto. A kacau-kacau na gargajiya kuma akan zuba tsakuwa ko 'ya'yan itace. Duk waɗannan suna zaune lafiya ne muddin saƙar ba ta buɗe ba, kuma saƙa takan buɗe. Ki tambayi mai sayarwa mene ne a ciki, in bai sani ba ki bar masa kayansa. Akwai dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan. Idon zakara, 'yar jar ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da muka sani tun muna yara, ita ma daga tsiro mai yaɗo take fitowa, kuma a ƙasashe da dama ana zuba ta cikin abin kaɗawa ko a yi tsakiya da ita saboda kyanta. Tana ɗauke da guba mai tsanani wadda ake kira abrin. In aka tauna ta ɓawon ya fashe, ƙwaya ɗaya tana iya hallaka yaro. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Duk daga daji suke, babu roba a jikinsu ko kaɗan. Shi ya sa in mai talla ya ce miki kayansa na Allah da Annabi ne, babu sinadari, bai gaya miki komai ba tukuna game da lafiyar ɗanki.

Shi kansa kwagirin yana da labari. Wani nau'in kwakwa ne mai hawa bishiya, Indonesiya ce ta fi kowa samar da shi, kuma yana fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Ghana. Wanda ya taɓa bi ta Maryland a Legas ya ga masu saƙa kujeru da kwanduna da shi a ƙarƙashin gada. A Tailan da Malesiya ma da shi aka saba saƙa ƙwallon wasan da suke kira takraw. Yana da ƙwari da juriya, amma kafin ya iso kasuwa akan yi masa aiki don kada ƙwari da fumfuna su ci shi. Akan turara shi da farar wuta, manyan sandunan kuma akan dafa su a cikin mai, wani lokaci har da man gas a haɗin. Ga kujera wannan ba matsala ba ce. Ga abin da yaro zai tsotsa na rabin sa'a, matsala ce. Ƙari a kan haka, yawancin ƙananan ƙwallayen kwagiri da ke yawo a intanet asalinsu kayan adon falo ne, waɗanda ake zubawa a tasa a ɗora kan tebur. An rina su, wasu an fesa musu turare ko man sheƙi, daga baya wani ya canza musu suna ya ce na wasan yara ne.

Kabarmu ta gida ta fi mini sauƙin sha'ani, domin kina iya ganin wanda ya saƙa ki yi masa tambaya. Ganyen goriba ne, shi ake tabarma da faifai da igiya da shi tun kaka da kakanni. Sai dai ita ma gefenta yana da kaifi, duk wadda ta taɓa saƙa faifai ta san yadda take yankar yatsa. Launukan nan masu haske kuma, kore da ruwan hoda da shuɗi, galibi galura ce, kuma tana zuba in ta jiƙe. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin abin da ƙarfi. In launi ya fito a ƙyallen, zai fito a bakin yaro. Ga magen ma ki zaɓi farar kaba wadda ba a rina ba, domin ita ma lasa take yi.

Akwai nau'i ɗaya da na kyanwa ne zalla, kuma shi ne mafi ban sha'awa a cikinsu. Idan kin ga an rubuta silvervine ko matatabi, to wani tsiro ne mai yaɗo ɗan uwan kiwi, yana fitowa a tsaunukan Japan da Sin da Koriya. Kyanwa in ta sansana shi sai ta hau birgima tana goga fuska a jikinsa na 'yan mintuna, sannan ta tashi ta yi tafiyarta. A wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan kyanwoyi 100, kusan kashi 80 cikin ɗari sun nuna sha'awarsa, alhali catnip, wani ganye da aka fi sani da sa kyanwa irin wannan birgima, ya ja hankalin kusan kashi biyu bisa uku ne kawai. A 2021 kuma masana a Jami'ar Iwate ta Japan suka gano cewa sinadarin da ke cikinsa, nepetalactol, yana korar sauro daga jikin kyanwar da ta goga shi. 'Ya'yan kyanwa ƙanana galibi ba sa kula shi sai sun tasa. In kin samu, ki saya mata, za ki sha kallo. Amma sandunan suna ɓarewa in an gwaguye su, kuma ba don bakin ɗan Adam aka shirya su ba. Ki ajiye su inda yaro ba zai kai ba.

Yanzu tsafta. Na san za a ce ai kyanwa ba najasa ba ce, kuma gaskiya ne, hadisi ya tabbata cewa tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, ragowar ruwanta ma ana alwala da shi. Wannan hukuncin tsarki ne, kuma ba ya hana ta ɗauko cuta. Mage tana tone ƙasa ta binne kashinta da ƙafafun da take rungumar ƙwallo da su. Ta nan ƙwayayen tsutsar ciki da ƙwayar cutar da ake kira toksoplasma suke iya hawa kan abin wasa. Makero ma yara suna ɗauka daga kyanwa, wani lokaci ba tare da an ga alama a jikinta ba. Babban mutum yana wanke hannu, jariri kuwa kai tsaye baki yake kai wa. In da roba ce ko silikon, sai a wanke da sabulu da ruwan zafi a gama. Saƙa kuwa tana da lunguna da soso ba ya shiga. In kin jiƙa ta da damina ba ta bushewa da wuri, sai ki ji tana warin fumfuna. Da hunturu kuma ta bushe ƙayau ta dinga karyewa tana fitar da sartse. Ƙwallon kyanwa bai damu da wannan ba, ki karkaɗe shi ki shanya a rana, in ya tsufa ki sake. Na jariri kullum sai an wanke, kuma a nan ne saƙa ta gaza.

Kada ki ɗauka ita magen ba ta da nata haɗarin. Nata shi ne dogon zare. Harshenta yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya fitar da shi, sai dai ta ci gaba da haɗiya. Yakan naɗe a gindin harshe, sauran ya wuce hanji ya tattare shi. In kin ga tana amai, ta daina cin abinci, ko zare yana leƙowa ta baki ko ta bayanta, kada ki ja. Ki kai ta wajen likitan dabbobi a ranar. Shi ya sa duk ƙwallon da ya fara sakin dogon sille, a datse shi ko a jefar. Shi kuma jariri in ya shaƙe ya kasa kuka ko tari, a kifa shi a kan hannu kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5, a ci gaba da haka ana neman hanyar asibiti. Kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro.

To me za ki saya? Wa mage, ki sayi na saƙa hankalinki kwance, ya fi roba dacewa da faratanta. Wa yaronki a wannan watannin na fitar haƙori, ni dai ba zan ba shi saƙa ya tauna ba. Zoben silikon na kamfanin da aka sani, ko katako guda ɗaya sumul wanda ba a yi wa fenti ba, sun fi. Ko tsaftataccen ƙyalle da aka jiƙa aka sanyaya yana kwantar da ƙaiƙayin dasashi. Ban kuma ce ki koma ga robar bakin titi mai warin fetur da fenti mai ɓarewa ba, musamman masu ƙaramin batir irin na agogo, wanda haɗiyarsa ke ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

In ranki yana son yaron ya samu wani abu na saƙa, akwai hanya. Babban ƙwallo wanda ya fi ƙarfin bakinsa, ya dinga turawa yana bi in ya fara rarrafe, kina zaune kusa. Ko abin ratayawa da zai kalla daga nesa, inda hannunsa ba ya kaiwa, kuma ba a cikin gadonsa ba. Kafin ki ba shi, ki goga abin a jikin mayafin shifon ta kowane gefe. Duk inda ya kama zaren mayafin, akwai tsini a wurin.

Idan akwai masu saƙar faifai a unguwarku, ki je wajensu da kanki ki ce a yi miki biyu. Na mage ƙarami, farar kaba, saƙa mai ramuka, babu wutsiya babu ƙararrawa. Na yaro babba kamar ƙwallon ƙafa na yara, saƙa mai matsi, bakin kowane sille a mayar da shi ciki a ɗinke, kada a zuba komai a ciki kuma kada a rina. Ki ware wa na yaron mazubi mai murfi, domin mage in ta gan shi a ƙasa ba za ta san ba nata ba ne. Allah ya raya mana shi, ya sa haƙoran su fito lafiya.