Tattaki ko ɗaga nauyi? Amsa ga Hajiyar Tudun Wada

Hajiya, kin ce shekarunki 47, an auna ki an ce jini ya fara hawa, kuma yanzu ba ki tashi daga sujada sai kin dafa ƙasa. Tambayarki ita ce wanne za ki riƙe, tattaki ko ɗaga nauyin da 'yarki ta dame ki da shi. Na ɗan girme ki, kuma duka biyun na yi.

Tattaki na zuciya ne. Yana sauke hawan jini, yana rage sukari, musamman in an taka bayan an ci tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce minti 150 zuwa 300 a mako, wato rabin awa sau biyar ya isa farawa. Amma fa ba tafiyar rakiyar amarya ba. Ki ɗaga ƙafa har numfashi ya ƙaru, yadda za ki iya hira amma ba ki iya rera waƙa. Bayan asuba ki miƙe wajen Ƙofar Doka ki juyo. Da hunturu ki rufe hanci saboda ƙura, a Maris da Afrilu kuwa kada rana ta riske ki a hanya.

Sai dai dafa ƙasan nan ya fi ƙarfin tattaki, kuma shi ne ya fi damuna a zancenki. Wannan tsokar cinya ce ke raguwa. Daga shekara 30 tsoka na zaizayewa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, mu mata kuma da al'ada ta ɗauke sai ƙashi ma ya fara rauni. Iyayenmu ba su san wannan lissafi ba, amma suna daka, suna jan guga, suna niƙa a dutse. Mu inji da famfo da Keke Napep sun hutar da mu, jiki kuma abin da ba a mora ba shi yake saki. Na yi shekaru ina zagaya Samaru da ƙafa, duk da haka goyon jikata sai ya bar ni da ciwon baya. Da na fara ɗaga nauyi ne abin ya sassauta.

Ba sai kin je gidan motsa jiki ba. Ki zauna kan kujera ki miƙe ba dafawa, sau goma, ki huta, ki maimaita har zagaye uku. Galan mai lita 5 cike da ruwa kilo 5 ne, ki riƙe ɗaya a kowane hannu ki zaga tsakar gida. Ki dafa bango ki riƙa tura jikinki. Kwana biyu a mako hukumar ta ce. Kada ki riƙe numfashi lokacin ɗagawa, don yana harba jini sama nan take.

Tunda jini ne ya kai ki asibiti, da tattaki za ki fara, bayan mako biyu ki haɗa da kujerar. Kafin ki taɓa galan ki sake aunawa, in ya kai 180 bisa 110 likita za ki fara gani, ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko asibitin da ya fi kusa. Maganin da aka rubuta miki kuma ki ci gaba da sha, Allah Ya ƙara lafiya.