Kwana tara da wig mai leshi a goshina

Na daɗe ina sa wig, amma irin wanda ake kifawa a ka kamar hula a ja igiyar baya. Mai leshi a gaba, wato siririyar ragar da aka ɗaura gashin a jikinta ake liƙa ta a goshi, sau ɗaya na taɓa gwadawa da kaina. Na yanke leshin a miƙe, na lafta gam, kafin yamma wani farin layi ya fito a goshina, da na zo cirewa kuma ya tafi da gashin gefen kunnena na hagu. Wurin ya yi watanni kafin ya cike, abin ya dame ni ƙwarai. Shi ya sa wannan karon na ɗauki wig ɗin na kai wa wadda sana'arta ke nan, wata mata da ƙawata ta yi mini kwatancenta.

Ban zaci za ta mayar da ni gida ba, amma haka aka yi. Ta juya wig ɗin ciki da waje, ta ɗaga leshin a haske, sannan ta ce, "Ƙanwata, ki bar mini shi kwana biyu, wannan ba a ɗora shi yadda ya fito daga kwali." Ta ɗiga ɗan gam a bayan kunnena, ta ce idan na ji ƙaiƙayi ko wurin ya yi ja kafin in dawo, to ba za mu yi da gam ba sam. Tun daga nan hankalina ya kwanta da ita.

Wig ɗin nawa gashin mutum ne, tsawon inci 18, leshinsa irin wanda ake kira 13 da 4, wato inci 13 daga kunne zuwa kunne, inci 4 daga goshi zuwa ciki. Leshin HD ne, mai siriri sosai. Ta gaya mini gaskiya cewa ya fi saurin ɓacewa a fata, amma ya fi saurin yagewa, wanda ake kira Swiss ya fi shi ƙarko ga mai sawa kullum.

Aikin kwana biyun nan shi ne rabin kyan, kuma shi ne abin da a da ban sani ba. Kowane silin gashi ɗaure shi aka yi a jikin leshin, ƙullin yana fitowa baƙi kamar ɗigon tawada, shi ne yake tona asiri idan an tsaga. Ta dama sinadarin da ke kashe launi ya yi kauri, ta shafa ta ƙasan leshin don kada ya tsiyaye ya taɓa gashin, ƙullin ya koɗe ya koma kusa da launin fata. Sai ta bi gaban da hantsaki tana rage shi sili-sili. Gashin ɗan Adam ba ya farawa da cika a goshi, a hankali yake ƙaruwa, wig kuwa daga kamfani yakan zo gabansa cunkus kamar an ja layi. Da ta nuna mini shi a kan gunkin da take aiki, da ƙyar na gane nawa ne.

Ranar ɗorawa ta wanke mini kai, ta busar, ta yi mini ƙananan kitso kwance zuwa baya. Na so manya don mu yi sauri, ta ƙi, ta ce babban kitso shi ke sa wig ya yi tudu. Ta sa mini siririyar hula mai launin fata, ta shafa mata hoda irin tawa, ta goge goshina da alkohol don maiƙo ya fita, ta shafa maganin kare fata. Sai gam. Nan na zuba ido a madubi, domin nan na cuci kaina a baya. A kan fata ta sa shi, gaba kaɗan da inda gashina ya fara, ko sili ɗaya bai taɓa ba. Shafi uku ta yi, kowanne siriri, kuma ba ta ƙara wani sai na farkon ya bar fari ya koma garau. Ni a da tun yana fari nake danna leshin, ashe farin layin nan daga nan ya samo asali.

Ta kwantar da leshin, ta bi shi da bayan mataji tana dannawa, ta hura masa iska mai sanyi da draya, ta ɗaure goshin da roba mai faɗi na minti 15. Yankan ma ba a miƙe ta yi ba, da reza ta bi shi a karkace, nan ta shiga nan ta fita, saboda ido ya fi saurin kama miƙaƙƙen layi. Ta kuma yanke wajen kunnuwa daidai da nawa, wig ɗin bai hau kan kunne ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Na yi zaman jira na minti 40 duk da ita ta ba ni lokaci, aikin kuma ya ci awa uku. Robar ta matse ni har kaina ya fara sarawa, sai da na yi magana ta sassauta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan gashin goshi da ta zaro ta lanƙwasa. Sun yi yawa, sun yi tsawo, bayan duk wahalar da ta sha don gaban ya yi kama da na halitta. Na ce, "Anti, don Allah a rage waɗannan, nawa ba haka suke ba." Ba ta ɓata rai ba, ta mayar da yawancinsu baya ta bar kaɗan a gefe. Launin da ta fesa wa leshin ma a cikin shago ya dace, amma da na fita rana na ga ya ɗan fi fatata ja. Hoda ta gyara wannan.

Da na isa gida yayata ta riƙe haɓata ta juya fuskata wajen taga, ta daɗe tana neman inda leshin ya ƙare, sai da na nuna mata da yatsa.

Kullum da dare ina ɗaure goshin da ɗankwali mai santsi, wajen wanka kuma ba na barin tururi ya dame shi. Har kwana biyar ko motsi bai yi ba. A na shida gefen kunnen dama ya fara ɗagawa, inda nake yawan zufa, na danne shi da ɗan feshin riƙe gashi. A na tara fatar kaina ta fara ƙaiƙayi, na koma a cire. Dama ta gargaɗe ni kada in wuce mako biyu, kuma kada in kuskura in ja shi a bushe.

Ta jiƙa gaban da man cire gam, ta jira, leshin ya saki da kansa. Kafin in kalli komai gefen kunnena na hagu na fara shafawa, gashin yana nan yadda na kawo shi. Ta ce in bar kaina ya sha iska mako guda, na ce to, na kuma bar mata wig ɗin ta wanke kafin in dawo.