Shirin kai yara karatu cikin teku: ya yi, amma da sauran gyara

Masu tambayata a kan shirin nan da ake ɗaukar 'yan sakandare a jirgin ruwa a fita da su teku a koyar da su a can, to na raka ɗalibaina kuma gaskiya ba a yi asarar kuɗi ba.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne ragar filankton, wato ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa. Raga ce mai ƙananan ido kamar rariya, ana sakinta a bayan jirgi a ja ta a hankali sannan a juye abin da ta tara cikin kwalba. In ka kalli ruwan sai ka ce ba komai ciki, amma ana ɗiga shi a ƙarƙashin maikiroskop, madubin nan mai ƙara girman abu, sai ga ƙananan halittu suna ta zillo, wasu da ƙafafu wasu kuma 'yan mitsi-mitsin tsirrai ne, nan malamar shirin ta ce musu kusan rabin iskar oksijin da ake samu a duniya daga irin waɗannan tsirran take fitowa, wallahi yaran da a aji sai ka yi da gaske suke sauraronka har turereniya suke wajen leƙawa. Kuma cikin kwalbar nan dai suka tsinto wani ɗan ɓarɓashin roba shuɗi da bai kai milimita 5 ba. Wata yarinya ta ce "Malama to kifi ya zai yi ya bambance?" Ai ba ya bambancewa, haɗiyewa yake. Na sha yi musu surutu a kan zubar da leda, ban taɓa ganin maganar ta shige su irin ta ranar ba, don da hannunsu suka ciro abin.

Sun kuma zura wani farin faifai da igiya har ya ɓace musu, da shi ake auna yadda ruwa yake garau, tun 1865 wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fito da dabarar kuma har yau ana amfani da ita. Sun auna gishiri ma, wajen giram 35 a lita ɗaya.

Tsaro kam ba laifi, ba wanda ya taka jirgi sai da rigar ceto.

Inda suka gaza: laccar da suka yi mana a gaɓa kafin tashi ta yi tsawo, yara har sun fara hamma alhali ga teku nan suna kallo. Maikiroskop ɗin ya yi kaɗan, masu kunya ba su samu leƙawa yadda ya kamata ba. Sannan ba wanda ya gargaɗe mu kan jiri, igiyar ruwa na fara jijjiga jirgin wasu suka kama amai, sai daga baya matuƙin ya ce su fito sarari su kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, haba malam, ai tun a ƙasa ya kamata a faɗa! Kuma ana sauka shikenan, ko 'yar takardar aikin da za mu ci gaba da shi a aji ba su ba mu ba, ni na zauna na haɗa da kaina.